Kumburin Ciki da Tashin Zuciya ga Mai Azumi: Abincinsa, Maganinsa da Hukuncinsa

  Karatunmu na yau a kan ciki ne. Tun da aka kama azumi, tambayoyin da ke iso muna daga Tasawa da Maijirgi da Urafan, da waɗanda ke zuwa daga Mayahi da Kanembakashe da garuruwan Gulbin Kaba, da yawa daga cikinsu magana ɗaya suke maimaitawa. Wani ya ce da ya sha ruwa sai cikinsa ya ɗaure kamar ganga, ya kasa tsayuwar asham. Wata ta ce da hantsi zuciyarta ke tashi, kumallo ya cika mata baki, ba ta san ko azuminta na nan ba. Wani kuwa tambayarsa ita ce wace ƙwaya zai saya. Abin da ya shafi hukunci za mu ɗauko shi daga littattafanmu, abin da ya shafi ƙwaya kuwa daga bakin likitoci, domin kowane ilimi a wurin ma'abotansa ake nemansa.

Ku sani, a mafi yawan lokaci ba azumi ne ke kumbura ciki ba, yadda muke buɗe baki ne. Mutum ya wuni awa 13 ko fiye cikin zafin bazara, cikinsa babu komai. Da ladan ya ɗaga murya, kafin a tayar da salla, ya kwankwaɗi ruwan ƙanƙara, ya bi shi da zoɓo da lemun kwalba, ya ɗora ƙosai da awara da soyayyen dankali, ya sha kunu, ya rufe da fura. Manomi ya san faƙon da ya sha rani: in yayyafi ya fara sauka masa sannu, sai ya jiƙa ya karɓa, in kuwa ruwa ya zubo masa gaba ɗaya kamar da bakin ƙwarya, sai ya kwanta a kansa ko ya yi zaizaya. Makiyayi ma ya san abin da ke samun akuyar da ta kwana da yunwa ta faɗa cikin rumbu. Ba a zargin yunwar, rumbun ake zargi da wanda ya bar shi a buɗe.

Sunna ta riga ta shimfiɗa muna tsari. Anas ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, ya ba da labari, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana buɗe baki kafin salla da ƴan ƙwayoyin ɗanyen dabino, in babu sai busasshe, in babu sai ƴan kurɓin ruwa. Ku lura da abin da ke biyo baya: salla. Wannan ɗan lokaci na alwala da raka'a uku da zikiri, a cikinsa zaƙin dabino ke shiga jini, zafin yunwa ya karye, ciki ya farka daga barcinsa. Wanda ya dawo daga masallaci ya zauna gaban akushi ba zai ci kamar wanda ya faɗa masa da kiran salla ba. Sa'an nan hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, a wurin Tirmizi da Ibnu Majah, ya raba ciki gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Mai kukan kumburi ya tambayi kansa ina ya kai kason numfashi. Aya ta 31 cikin Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, a wuri ɗaya kuma ta hana wuce iyaka. Amma maganar nan da ta yaɗu a bakin masu wa'azi, wadda ke kiran ciki gidan cuta, a daina jingina ta ga Annabi. Ibnul Ƙayyim ya bayyana cikin Zadul Ma'adi cewa zancen Harisu ɗan Kalada ne, likitan Larabawa. Ma'anarta gaskiya ce, amma gaskiyar magana ba ta mayar da ita hadisi.

Likitoci sun ce abinci mai maiƙo shi ya fi kowane daɗewa a ciki kafin ya wuce zuwa hanji, shi ya sa soye-soye ke zama ma mutum kamar dutse har tsakar dare, balle man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Lemun kwalba kuwa iska aka ɗura a cikinsa, wanda ya sha ya ɗura ma kansa ita, gyatsar da yake yi yana jin ya samu sauƙi wani sashe ne kawai na abin da ya zuba. Mai ci da gaggawa yana haɗiyar iska tare da loma bai sani ba. Ita ƙanƙara, sanyinta ba shi ne babban laifinta ba. Laifin yana ga shanye lita guda cikin numfashi ɗaya, alhali Muslim ya ruwaito cewa Annabi yana rarraba shansa sau uku, da kuma ruwan da aka daskarar, wanda mai saye bai san daga wace rijiya aka ɗebo shi ba.

Wake abincinmu ne, ba za mu bar shi ba, shi ne naman talaka. Sai dai a jiƙa shi tun safe, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa shi ya nuna lugub, kuma kada a tara ƙosai da ɗanwake da shinkafa da wake a dare ɗaya. Madara ma haka. Akwai manya da yawa waɗanda cikinsu ba ya narkar da ɗanyar madara ko madarar gari, da sun sha sai ƙugi da iska da zawo, amma nono mai tsami ba ya damunsu kamar haka. Kowa ya lura da cikinsa, domin abin da ya karɓi maƙwabcinka ba lalle ya karɓe ka ba. Ku kuma iyayenmu mata, furar da aka dama tun azahar aka bari cikin wannan zafi a buɗe, da tuwon da ya kwana ba a ɗumama shi ya yi zafi sosai ba, suna cikin abin da ke kawo amai. A dama kusa da magariba, da ruwa mai tsabta, a rufe.

Ina da magana da masu zuwa asham. Sahu ba wurin gyatsa ba ne. Tirmizi ya kawo labarin mutumin da ya yi gyatsa a gaban Annabi aka umurce shi da ya kame, kuma hanin zuwa masallaci da warin ɗanyar albasa da tafarnuwa sananne ne cikin Buhari da Muslim. Wanda ya cika ciki ya zo ya yi ruku'u, abin da ya ci zai taso masa har maƙogwaro, ya cutu ya cutar da na kusa da shi. Ka ci kaɗan bayan magariba, ka bar mai nauyin sai an sauko daga asham, shi ma da ƙima. Kada kuma ka kwanta a kansa. Likitoci suna son a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin ci da kwanciya, mai ƙwarnafi kuma ya ɗaga kai da kafaɗu, kuma sun ce gefen hagu ya fi hana ruwan ciki tasowa. Wannan bai yi karo da sunna ba: ka fara da dama ka yi addu'arka, in ƙwarnafi ya dame ka ka juya. Ibnul Ƙayyim da kansa ya ambaci juyawa hagu na ɗan lokaci don taimakon narkewar abinci.

Tashin zuciyar hantsi da kumallo kuwa, sau da yawa daga sahur yake. Wani ba ya yin sahur sam. Wani ya yi shi tun tsakar dare ya kwanta. Samari kuma sahur ɗinsu shayi ne mai ɗaci, kofi uku, da goro ko taba, a kan cikin da babu komai. Waɗannan duka suna tsananta ruwan tsamin da ke cikin tumbi, ya wayi gari ba shi da abin narkarwa sai mai shi. Zaidu ɗan Sabitu ya ƙiyasta tsakanin sahur ɗinsu tare da Annabi da tsayuwa salla da gwargwadon karatun aya 50. To, a jinkirta shi, a yi shi da abin da ke riƙe ciki ba ya ƙona shi: tuwon gero ko na dawa da miyar kuka ko kuɓewa, ko dambu da zogale, ko fura da nono, a rage yaji da mai. Bayan asuba, maimakon komawa shimfiɗa nan take, zauna ka yi wuridinka har gari ya waye, ka haɗa lada da lafiya. Ruwa kuma a rarraba shi tsakanin magariba da alfijir, kofi bayan kofi, har ya kai lita 2 ko fiye ga mai lafiya a wannan zafi. Fitsarin da ya yi ja kuma ya ƙaranta shaida ne cewa ruwa bai isa ba, kuma ƙarancin ruwa na kawo taurin bayan gida, shi kuma ya kawo kumburi.

Cikin abin da ke gidajenmu, citta ita ce gaba wajen kwantar da tashin zuciya, kuma likitocin zamani sun yarda da wannan. A daka ƴar kaɗan a jiƙa cikin ruwan zafi a sha bayan buɗe baki, ba a haɗa ta da barkono da masoro har ta zama wuta ba. Na'ana'a tana sassauta iska, amma tana ƙara ma mai ƙwarnafi ƙwarnafi. Tsamiya tana sakin ciki a hankali. Zuma, wadda Suratun Nahli ta ambaci warakarta, a sa cokali ɗaya cikin ruwan ɗumi, sai dai mai ciwon sukari ya yi hattara, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Uwar muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana umurni da a dama ma mara lafiya talbina, wato kunun sha'ir mai ruwa-ruwa. Mu nan kunun gero marar yaji shi ne ɗan'uwanta, kuma shi ya fi dacewa da cikin da ya yi amai.

Kanwa fa? A nan zan daɗe kaɗan, domin ita ce abin da hannu ke fara kaiwa gare shi. Mutum ya ji ƙwarnafi, ya jiƙa ta ya sha, ya yi gyatsa mai ƙarfi, ya ce ta yi aiki. Gaskiya ne tana kashe tsamin ciki na ɗan lokaci. Amma gyatsar nan ita kanwar ce ta haife ta, domin in ta gamu da ruwan tumbi iska take tayarwa, kamar yadda kuke gani in an zuba ta cikin ruwan tsamiya. Wanda cikinsa ya riga ya cika taf, ƙarin iska ya ƙara ma kansa. Abin da ya fi wannan, kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana tayar da hawan jini, tana nauyaya ma zuciya da ƙoda. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya da kumburin jiki ga mata masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Ƴar kaɗan da ake jefawa cikin miya ko wake daban, mayar da ita abin sha kowane dare daban. Mai hawan jini, da mai ciki, da mai jego, da wanda ƙafafunsa ke kumbura, su nisance ta.

Haka masu sayen jiƙe-jiƙen wankin ciki ranar kasuwa. Na san za a ce filasko, wanda Larabawa ke kira sana, an yabe shi cikin hadisi. An yabe shi, amma magani yana da gwargwado da lokaci. Wanda zai wuni ba ruwa ya sha abin da zai zubar masa da ruwan jikinsa da dare, ya fara fafe gora ranar tafiya. Mai ciki kuwa kada ta kusance shi.

Mu zo ga ƙwayoyi. Haɗari mafi girma ba ya cikin maganin ciki, yana cikin maganin ciwon jiki. Mai aikin ƙarfi da mai kabu-kabu da tsoho mai ciwon gwiwa suna sayen diklofenak da ibuprofen da aspirin a wurin masu talla a kan tire, su haɗiye biyu ko uku da sahur da kurɓin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi suna cin bangon tumbi, suna buɗe gyambo, har mutum ya yi aman jini, kuma suna cutar da ƙoda in jiki ba ruwa. Wanda ciwo ya matsa ma, parasetamol ya fi sauƙi ga ciki, shi ma bisa ƙa'ida. Tramol kuwa, ban da ɓarnar da yake yi ma hankalin ƴaƴanmu, shi kansa yana kawo tashin zuciya da taurin ciki. Wasu magunguna na gaskiya ma suna tayar da zuciya, kamar ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki wurin awo, da metformin na masu ciwon sukari. Waɗannan ba a yanke su da ra'ayin kai, ana shan su tare da abinci ne, a koma ga wanda ya rubuta su ya daidaita lokacinsu da azumi.

Maganin ciki kuma kowanne da sa'arsa. Irin su Maalox da Gaviscon suna kashe tsamin da ya riga ya taru, don haka bayan cin abinci ake shan su ko gab da kwanciya, a bar awa 2 tsakaninsu da sauran magunguna, domin suna hana wasu shiga jiki. Omeprazol aikinsa rage tsamin tun daga tushe, ba ya kashe ciwo nan take, ana shan sa kamar rabin awa kafin sahur. Maganin amai da ake kira metoklopramid ko Primpéran, likitoci sun hana a wuce kwana 5 ana shan sa, kuma ba a ba yaro sai da umurninsu, domin yakan murɗe wuya, ya kafe idanu sama, ya fitar da harshe. Sai gida ya rikice a ce iskoki ne, a aika kiran malami, alhali ƙwayar da aka saya jiya ce. Ku saya a farmasi, inda ake ajiye magani a inuwa kuma ake duba ranar lalacewarsa. Abin da ya wuni a rana bisa tire, ko na gaske ne, zafi ya taɓa shi.

Wanda ya yi wata da watanni yana fama da zafi a ƙahon zuciya, ya sha wannan ya sha wancan, ya sani cewa gyambon ciki, wanda ake ce ma olsa, yawancinsa ba yunwa ce tushensa ba. A shekarar 1982 likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da ke zaune a tumbi tana haddasa shi. Ana kashe ta da magunguna haɗe, kwana 10 zuwa 14, bayan gwaji. Wanda ya tsaya ga Maalox da kanwa yana yayyafa ma toka ruwa ne, garwashin na ƙasa.

Yanzu hukunci. Wanda amai ya rinjaye shi da rana, azuminsa na nan, babu ranko a kansa. Wanda ya jawo shi da kansa, ya sa yatsa a maƙogwaro don ya ji sauƙi, ya ranka wannan yini. Haka ya zo cikin hadisin Abu Huraira, haka kuma Ibnu Abi Zaidin ya tabbatar cikin Risala. Sharaɗin shi ne abin da ya iso baki a tofar da shi. In ya iso inda za a iya tofarwa sa'an nan ya koma, akwai ranko, kuma malamanmu sun ambaci kaffara ga wanda ya haɗiye da gangan. Kumallon da ya taso ya koma tun bai kai baki ba, babu komai a cikinsa. Amai ba ya warware alwala a mazhabarmu, sai dai wanda ya jirkita daga kamannin abinci najasa ne, a wanke baki da tufa. Ƙwaya ko ruwan magani da aka haɗiya da rana suna karya azumi ko da ba abinci ba ne. Allurar tsoka ko ta jijiya da ba ta ciyarwa ba ta karyawa, amma ƙarin ruwa mai ciyarwa yana karyawa, kuma a kan haka majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta tsaya a zamanta na Jidda a shekarar 1997.

Mai fama da iska a cikin salla kuwa, ƙugin ciki kaɗai ba ya fitar da shi daga sahu, sai ya tabbatar da fitar wani abu. Wanda iska ta zame ma lalura, tana kuɓuce masa rabin lokaci ko fiye, hukuncinsa hukuncin mai yoyon fitsari ne, alwalarsa ba ta warwarewa da ita. Amma wanda ta matse shi tun kafin kabbara, ya je ya sauke ya sake alwala, ko da raka'a za ta wuce shi.

Akwai kumburi da amai waɗanda ba na ƙosai ba ne, kuma citta ba ta yi musu komai. Aman jini, ko amai baƙi kamar jiƙaƙƙen gawayi. Bayan gida baƙi wuluk mai danƙo da ɗoyi. Ciki ya kumbura ya taurare, ba iska ba bayan gida, ko gwaiwa ta fito ta ƙi komawa tana ciwo. Ciwon da ya tsaya a ƙasan ciki wajen dama yana ƙaruwa. Ciki yana girma mako bayan mako, idanu sun yi ɗorawa, jiki na ramewa. Amai tare da zazzaɓi, wanda ke bukatar gwajin jini, balle in akwai ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, domin rani da bazara su ne lokacin sanƙarau a ƙasarmu. Nauyi a ƙirji da zufa ga dattijo, wanda yake zaton ƙwarnafi ne alhali zuciya ce. Amai da gudawa kamar ruwan shinkafa, irin annobar da ta faɗa ma yankin Madarunfa a 2018. Ko mai ciwon sukari da ya ji jiri da makyarkyata da zufa mai sanyi. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan kada ya jira magariba. A kai shi gidan likita mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi asibitin Tasawa ko na Mayahi ko Maraɗi. Mai amai da gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya, ƙunshin SRO ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, kurɓi-kurɓi ko da yana amai. In babu ƙunshin, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1.

Wasu dattawa suna jin kunyar a ga sun sha ruwa da rana, su ce gara su mutu da azumi a bakinsu. Wannan ba tsoron Allah ba ne, tsoron idon mutane ne. Aya ta 184 da ta 185 cikin Suratul Baƙara sun ba mara lafiya izinin ya sha ya ranka a wasu kwanaki. Shehu Halilu cikin Muhtasar ya bambanta: wanda ke tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, ya halatta ya sha, wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani, wajibi ne a kansa ya sha, in ya ƙi ya yi saɓo. Mai ciki da laulayi ya hana abinci zama a cikinta tana cikin wannan sauƙi, kuma mijinta ba shi da ikon hana ta. Tsohon da ƙarfi ya ƙare masa, ba ya fatan iya ranko, an so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya na hatsi a madadin kowane yini in yana da hali. Allah ne Mafi sani.